Asalin Taken Ɗan Galadima: Darasi a Kan Goge da Ilimin Halittu

Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu da zai ce bai taɓa jin kukan goge ba, ko dai a gidan biki, ko a rediyo, ko a tsohon kaset na iyayensa. Daga cikin tsofaffin kaɗe-kaɗen da masu goge suka gada kaka da kakanni akwai wanda ake kira taken Ɗan Galadima. Ba a rubuta shi a takarda ba, kuma al'ada ba ta jingina shi ga wani makaɗi guda da za a ce shi ya ƙaga shi ba. To, ta yaya za a gano asalin abu irin wannan?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga masanin ilimin halittu. Gero da dawa da kuka ba su bar mana rubutaccen tarihi ba, amma duk da haka masana sun bi sawunsu ta hanyar duba ƙirar jikinsu, da danginsu, da wuraren da suka bazu. Wannan hanya ce za mu bi a darasinmu na yau. Da yake taken yana da alaƙa da bori, ya kamata mai karatu ya sani tun da farko cewa hukuncin bori a addini malamai sun riga sun yi bayaninsa. Abin da ke gabanmu shi ne tarihi da kimiyya.

Mene Ne Take?

Take wani gajeren kiɗa ne da aka keɓe wa mutum ko muƙami ko ƙungiya, ta yadda da zarar an kaɗa shi, wanda ya sani zai gane wanda ake nufi ko da ba a ambaci suna ba. Sarakuna suna da take, haka 'yan dambe da mafarauta da maƙera. A cikin bori ma kowane iska yana da nasa taken da kirarinsa, kuma goge da garaya su ne manyan kayan kaɗa su. Ɗan Galadima shi ne wanda ake siffantawa da ɗan sarauta mai ado da manyan riguna da turare, mai caca, mai kyautar da ba ta da birki.

Abin da ya sa take yake iya tsayawa a madadin magana shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti. Alal misali, kalmar “kuka” ta zubar da hawaye tana da karin sama a gaɓoɓinta biyu, amma “kuka” ta itace tana farawa da karin sama ta sauka ƙasa. Haka nan akwai gaɓa mai tsawo da gajera. Mai goge yana bin hawa da saukar kirari da tsawon gaɓoɓinsa a kan tsirkiya. Saboda haka kalmomin kirari tamkar turke ne da aka ɗaure kiɗan a jikinsa: yana iya zagayawa, amma ba zai yi nisa ba muddin ana tuna kalmomin.

Halittun da Suka Haɗu a Jikin Goge

Idan aka kwance goge aka baje shi a kan teburin ɗakin gwaje-gwaje, za a ga cewa kusan dukkansa daga jikin tsirrai da dabbobi aka samo shi.

Na farko ita ce ƙwarya, wadda ita ce cikin gogen. Daga duma ake samunta, wato tsiron da masana suke kira Lagenaria siceraria, ɗan uwan kabewa da guna da kankana. Asalin duma Afirka ne, kuma yana cikin tsirran da ɗan Adam ya fara amfani da su. An sami ɓurɓushinsa a nahiyar Amurka mai shekaru kimanin 10,000, sannan binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2014 ya nuna cewa daga Afirka ya yi iyo a kan Tekun Atilantika ya isa can. Idan duma ya bushe, bayansa yakan yi tauri alhali ba shi da nauyi, shi ya sa yake amsa sauti.

Na biyu ita ce fatar da ake rufe bakin ƙwaryar da ita. An fi son fatar guza, Varanus niloticus, mazauniyar bakin gulbi da fadama, ko ta ɗan uwanta damo sarkin haƙuri, Varanus exanthematicus, mazaunin tudu. Fatar waɗannan dabbobi siririya ce, amma zaruruwan kolajin da ke cikinta sun sarƙe da juna kamar saƙar tabarma, don haka tana jure ɗauri ba tare da ta yage ba. Akan huda ƙofa a gefe guda na fatar domin sauti ya fita.

Na uku shi ne gashin wutsiyar doki. Da shi ake yin tsirkiyar gogen, da shi kuma ake yin izgar da ake gogawa. Gashi an gina shi ne da sinadarin keratin, wanda shi ne a farce da ƙaho da kofato. Keratin yana shan laimar iska ya ƙara tsawo, idan iska ta bushe kuma ya tsuke. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Horace de Saussure ya yi amfani da wannan hali a 1783 ya ƙera ma'aunin laima da silin gashin mutum. Wannan ne dalilin da ya sa goge yake sakin jiki da damina, muryarsa ta yi ƙasa, har sai an shanya shi ko an kanga shi kusa da wuta, da hunturu kuwa ya ɗaure ya yi zaƙi.

Na huɗu shi ne ƙaro, wato daskararren ruwan itace irin wanda hano da maje suke fitarwa idan an ji musu rauni. Itacen yana fitar da shi ne domin ya toshe raunin ya kare kansa daga ƙwari da ƙwayoyin cuta. Makaɗi kuwa yana shafa shi a izga domin ta kama tsirkiya.

Yadda Sautin Yake Fita

Mutane da yawa suna zaton ƙananan ɓawon da ake gani a jikin gashi ta madubin ƙara girma su ne suke kama tsirkiya. Gwaji ya nuna cewa izgar da ba a shafa wa ƙaro ba sulɓewa kawai take yi, kusan ba sauti. Aikin na ƙaro ne. Idan aka ja izga, ƙaro yakan riƙe tsirkiya ya ja ta gefe, har ƙarfin ɗaurinta ya rinjayi riƙon, sai ta kuɓuce ta koma, sai ƙaro ya sake kama ta. Masanin nan Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ya yi bayanin wannan kamu da saki a littafinsa na 1863. Idan a ce tsirkiya tana kaɗawa sau 300 a sakan guda, to sau 300 ke nan ake kamu da saki a cikin wannan sakan. Ɗan itacen da ake kira jaki shi yake ɗaukar kaɗawar ya kai ta ga fata, fata ta mika wa iskar cikin ƙwarya, daga nan sai kunnenmu.

Tun a ƙarni na 17 wani Bafaranshe, Marin Mersenne, ya tabbatar da cewa idan aka rage tsawon tsirkiya da rabi, yawan kaɗawarta yakan ninka biyu. Wato wadda take yin 300 za ta koma 600. Wannan doka ce mai goge yake aiki da ita duk lokacin da ya taɓa tsirkiya da yatsa, ko da bai taɓa jin sunan Mersenne ba.

Daga Ina Goge Ya Zo?

Take na goge ba zai girmi goge ba a siffarsa ta goge, don haka sai mu fara da kayan kiɗan. Duma da guza da itatuwan ƙaro duk 'yan gida ne. Baƙo ɗaya a cikinsu shi ne doki. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2021 ya nuna cewa dawakin gida na yau sun samo asali ne daga filayen kogunan Bolga da Don, a kudancin Rasha ta yau, kimanin shekaru 4,200 da suka wuce. Dabarar goga tsirkiya da gashin doki ma daga ƙasashen mahaya ta fito. Masanin tarihin kiɗa Werner Bachmann ya bi diddiginta zuwa tsakiyar Asiya, kuma zuwa ƙarni na 10 ta riga ta bazu a ƙasashen Musulmi da na Rumawa. Al-Farabi, wanda ya rasu a shekarar 950, ya ambaci rababa a babban littafinsa na ilimin kiɗa.

Idan muka duba taswirar Afirka ta Yamma za mu ga dangin goge sun jeru kamar ɗamara a yankin da ke tsakanin hamada da kurmi: riti a wurin Wolof na Senegal, nyanyeru a wurin Fulani, njarka a wurin Sanwai na Mali, imzad a wurin Buzaye, gonje a wurin Dagomba na arewacin Gana. Dalilin wannan jeri yana cikin ilimin halittu. A kurmi akwai ƙudan tsando mai yaɗa cutar sammore, wadda take kashe dawaki. Inda doki yake rayuwa, nan gashinsa yake da sauƙin samu, nan kuma hanyoyin fatauci da suka tsallako Sahara suka bi. Farfesa Jacqueline DjeDje ta Jami'ar Kalifoniya, a littafinta na 2008 a kan masu goge na Fulani da Hausawa da Dagomba, ta nuna yadda kowace al'umma ta karɓi wannan kayan kiɗa ta ba shi aiki irin nata.

Auna Shekarun Taken

Masu nazarin duwatsu suna da wata ƙa'ida: idan aka sami wani abu a binne cikin shimfiɗar ƙasa, to shimfiɗar ba ta girmi abin ba. Bari mu gwada ta a kan Ɗan Galadima.

Shaida ta farko tana cikin sunan. Galadima sarauta ce da ta shigo ƙasar Hausa daga Barno, haka ma Yarima, wanda shi ne ɗaya sunan da ake kiran wannan iska da shi. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Galadima Dauda a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15. Ke nan ba za a yi take da sunan ɗan Galadima ba sai bayan fadojin Hausa sun ginu, sarautun Barno sun zauna a cikinsu, har talakawa sun san halin 'ya'yan masu sarauta sun fara kwaikwayonsa.

Shaida ta biyu tana cikin cacarsa. Cacar da ta dā da wuri ake yin ta. Wuri kuwa ƙwanson wata dodon-koɗin teku ce, Monetaria moneta, wadda aka fi kwasowa daga tsibiran Maldibs a Tekun Indiya. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Wannan yana nuna cewa siffar Ɗan Galadima mai watsa kuɗi ta dace da zamanin bunƙasar kasuwanci na ƙarni na 18.

Shaida ta uku daga ƙetare ta zo. A 1914 wani Bature, A. J. N. Tremearne, ya buga littafi a kan borin Hausawan da ya tarar a Tunis da Tarabulus, waɗanda akasarinsu bayi ne da aka tsallaka Sahara da su ko zuriyarsu, kuma Ɗan Galadima yana cikin iskokin da ya lissafa. An haramta bauta a Tunisiya tun 1846. A kiɗan Sitambeli na ƙasar kuwa sunaye irin su Yarima da Kuri sun wanzu. Wannan ya tabbatar da cewa sunan ya riga ya kafu a gida tun cikin ƙarni na 19 ko kafin nan.

Idan aka jera iskokin gaba ɗaya, sai a ga shimfiɗu kamar na gaɓar gulbi. A ƙasa akwai na noma da daji irin su Inna da Kure, a samansu na fada irin su Ɗan Galadima, sai masu kamannin malamai irin su Malam Alhaji, sai na can sama masu kwaikwayon sojan Turawa, waɗanda suka ɓullo a yankin Filinge na ƙasar Nijar wajen 1925. Sai dai ɗalibi ya lura da wani abu. Shekarun suna daban, shekarun karin kiɗa daban. Makaɗi yana iya ɗora sabon suna a kan tsohon kari, ko ya yi wa tsohon suna sabon kari. Na'urar ɗaukar murya sai a 1877 Thomas Edison ya ƙera ta, saboda haka duk abin da ya gabaci wannan shekara ta hanyar kwatanta rassan da suka rage ake gano shi.

Yadda Zuriyar Ta Rabu a Ƙasar Zamfara

A ilimin halittu, idan gulbi ko dutse ya raba dabbobi iri ɗaya gida biyu, bayan zamani mai tsawo kowane ɓangare yakan ɗauki kamanninsa. Tarihi ya yi wa kiɗan goge irin wannan rabo.

A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara suka kafa Alƙalawa. A fadar Gobir akwai sarautar Inna, wadda take shugabantar 'yan bori, don haka makaɗansu suna da gindin zama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekaru biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, kuma shi da almajiransa sun yi suka a kan bori da kaɗe-kaɗen da ke tare da shi. 'Yarsa Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin karantar da mata a karkara. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa da Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka koma arewa, inda daga baya suka zauna a Tsibiri da Maraɗi, kuma sarautar Inna da ta Iya suka ci gaba a can. Reshe ɗaya ke nan, wanda ya zauna a inuwar fada.

Ɗaya reshen shi ne na yankinmu. Gusau gari ne na jihadi, wanda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa a 1811 bayan tashinsa daga 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke tsakanin Gusau da Tsafe. A irin waɗannan garuruwa goge bai sami wurin zama a fada ba. Sai ya koma ƙauyuka da gefen kasuwa da wuraren da tsofaffin al'adu suka daɗe, irin su kewayen Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu.

Zuwan jirgin ƙasa ya sake juya lamarin. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya jawo 'yan ƙwadago da masu cinikin gyaɗa da auduga. Goge ya shiga bariki ya zama kiɗan rawa da nishaɗi. A wannan sabon yanayi ne irin su Garba Liyo suka yi suna da goge, ƙanwarsa kukuma kuma ta fito da Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam, ɗan asalin ƙasar Maradun. Rediyo da kaset suka kai salon 'yan ƙalilan ɗin nan kowane lungu, abin da ya sa bambancin gari da gari ya fara dushewa.

Dokokin Canjin Kari

Kari yana da gado, domin yaro yana koya daga ubangidansa. Yana da canji, domin babu mai kwaikwayon da ba ya ƙari ko ragi. Yana da zaɓe, domin abin da masu sauraro suka yi wa kari shi makaɗi yake maimaitawa. A 2022 Patrick Savage da abokan aikinsa suka ɗauki dabarar da ake jera ƙwayoyin gado da ita, suka jera kare-karen waƙoƙin gargajiya fiye da 10,000 na Japan da na masu magana da Ingilishi. Sun gano cewa muryoyin da suka faɗa a kan bugun da ke riƙe da kiɗa ba su cika canzawa ba, na ado su ne suke shiga su fita, kuma idan murya ta canza, maƙwabciyarta ta kusa takan koma.

Ga misali na ƙirƙira domin fahimta. A ce makaɗi na farko yana kaɗa d r m s m d, na biyu d r r m s m d, na uku kuma d m s l d. Na biyu ƙarin murya ɗaya kawai ya yi, saboda haka shi da na farko 'yan ɗaki ɗaya ne. Na uku ya yi ragi ya kuma yi musanya, don haka rabuwarsa ta fi daɗewa. Abin da duka ukun suka yi tarayya a kai, wato d m s d, shi ya fi kusa da karin kakansu.

Aiki Domin Ɗalibai

1. A sami gwangwani ko ƙoƙo, da sanda, da zaren roba na kamun kifi, a haɗa goge mai sauƙi. A auna tsawon tsirkiya, a taɓa ta a daidai rabi, a kwatanta muryoyin biyu.

2. A rataye dogon silin gashi da ɗan ƙarfe a ƙarshensa, a yi alama a bango, a duba tsawonsa da hunturu da kuma damina.

3. Da izinin iyaye da jagorancin malami, a nemi tsofaffin kaset na goge a gidaje, a rubuta sunan makaɗi da garinsa da kiɗan da ya yi, a jera kare-karen da haruffa a kwatanta.

Kammalawa

Shaidun da muka bi sun nuna cewa taken Ɗan Galadima ɗan zamanin fadoji da kasuwanci ne, an kaɗa shi a kan kayan kiɗan da dabararsa ta taso daga Asiya, jikinsa kuwa na gonakinmu da fadamunmu. Rassan da za a kwatanta domin ƙarasa binciken suna raguwa. Tun daga shekarar 2000 da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Jihar Zamfara wuraren irin wannan kiɗa suka ƙaranta, rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Tsafe da Bunguɗu, zaren kaset kuma yana lalacewa da zafi da laima. Su kansu guza da damo suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa ido saboda cinikin fatunsu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka a littafinsa na 1993, kuma tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya a Gusau. Makarantar da ta tattara kaset goma ta juye su a kwamfuta, tare da sunan makaɗi da gari da shekara, ta ajiye wa masu bincike shaidar da ba za a sake samun irinta ba.